Yadda Ake Shirya Mutum Kafin Gwajin HIV da Yadda Ake Faɗa Masa Sakamako

Huda yatsa da ɗiga jini a kan abin gwaji ba wani aiki ba ne, wanda aka koya wa da safe zai iya yi da yamma. Aikin yana ga mutumin da ke zaune a gabanka, hannunsa na rawa, yana kallon fuskarka don ya karanta sakamako tun kafin ka buɗe baki. Abin da ka faɗa masa cikin 'yan mintunan nan, da yadda ka faɗe shi, shi ne zai sa ya dawo ya karɓi magani, ko kuma ya ɓace ba a sake ganinsa ba sai ciwo ya kwantar da shi. Wannan bayani na ma'aikacin lafiya ne, da ɗan sa-kai da aka horar, da duk wanda aka ɗora wa nauyin yi wa mutane gwajin HIV.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2015, ta tattara ƙa'idojin wannan aiki cikin abubuwa biyar: yardar mutum, riƙe sirrinsa, ba shi shawara, tabbatar da cewa sakamakon daidai ne, sannan haɗa shi da wurin magani ko na rigakafi. Matakan da ke tafe duk daga cikin biyar ɗin nan suka fito.

Mataki na farko: gyara wurin tukuna

Kafin ka kira kowa, dubi ɗakin. Ƙofa tana rufuwa? Mai jira a waje yana jin abin da ake faɗa a ciki? Labule yana tare ido ne kawai, ba ya tare kunne. Rufe littafin rajista don kada wanda ya shigo ya hango sunan wanda ya fita. Duba ranar ƙarewar wa'adin kayan gwajin, ka kuma tabbatar ba a bar su cikin zafin da ya wuce abin da kamfanin ya rubuta ba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Idan duk wanda ba a samu cutar a jininsa ba yana fitowa bayan minti uku, wanda aka samu kuma yana ɗaukar rabin awa, to masu jira a layi sun gama karanta sakamakon kowa ba tare da ka furta komai ba. Ka daidaita lokacin gwargwadon iko, in kuma akwai wata ƙofar fita daban, a yi amfani da ita.

Mataki na biyu: bayani kafin gwaji, da neman yarda

Ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da aikinka, ka zauna daidai da shi. Kada ka tsaya a kansa. A da ana ɗaukar lokaci ana yi wa mutum tambayoyi a kan rayuwarsa ta kwanciya kafin a taɓa yatsarsa, kuma mutane da yawa wannan tonon ne ke hana su zuwa. Yanzu an yarda cewa gajeren bayani mai ma'ana ya isa. Kana iya cewa:

"Malam, gwajin nan zai nuna mana ko akwai ƙwayar cutar HIV a jininka. Jini kaɗan za mu ɗiba a yatsa, sakamako zai fito kafin ka tashi. In babu, zan gaya maka yadda za ka ci gaba da kare kanka. In akwai, akwai magani mai ƙarfi da ke sa mutum ya yi rayuwarsa lafiya lau, kuma za mu haɗa ka da shi. Abin da muka yi magana a nan, daga ni sai kai, sai kuma ma'aikatan da za su kula da kai. Ka yarda a yi?"

Yarda ta baki ta wadatar, amma dole ta fito daga bakinsa shi kansa. Miji ba ya yarda a madadin matarsa, mai gidan aiki ba ya yarda a madadin ma'aikacinsa. In ya ce a'a, ka karɓa, kada ka hana shi wata kulawar da ya zo nema, ka bar masa ƙofa a buɗe. Shekarun da yaro ko matashi zai iya ba da yarda da kansa sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka bi dokar inda kake aiki.

Tambayoyi uku ba na tsallake su. Na farko, ko ya taɓa yin gwajin, kuma me ya nuna. Na biyu, ko yana shan maganin HIV yanzu, domin wasu da suka san suna ɗauke da cutar sukan dawo a ɓoye don su ga ko sun warke, kuma maganin na iya sa gwajin gaggawa na yatsa ya nuna babu alhali akwai. Irin wannan mutum in ka ba shi sakamakon "babu" zai ajiye maganinsa, ka cutar da shi ke nan. Na uku, ko wani abu ya faru cikin kwana ukun da suka wuce, kamar fyaɗe, ko yagewar kwaroron roba, ko sokewar allurar da aka yi wa wani amfani da ita. In haka ne, magana ta zama ta gaggawa: akwai maganin kariya da ake kira PEP, wanda ake farawa cikin awa 72, a sha kwana 28. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa.

Sai kalmar da za ka yi amfani da ita. Ni dai ina guje wa kalmar ƙanjamau a cikin ɗakin gwaji. Da zarar mutum ya ji ta, abin da zai zo masa a rai shi ne rama da kwanciya da mutuwa. HIV ƙwayar cuta ce mai raunana garkuwar jiki. Ƙanjamau shi ne matakin da ake kaiwa in an bar ta shekaru ba magani. Mai shan magani yadda ya kamata yana iya ƙare rayuwarsa bai kai wannan mataki ba. Ka raba masa biyun tun kafin a ga sakamako, lokacin da kunnensa ke buɗe.

Mataki na uku: gwajin kansa

Rubuta lambarsa a jikin abin gwajin a gabansa. Ka karanta a daidai lokacin da kamfanin ya ce, galibi minti 15 zuwa 20, kada ka yi gaggawa, kada kuma ka bar shi ya wuce lokaci. In layin da ke nuna gwajin ya yi aiki bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake da sabo.

Gwaji ɗaya da ya nuna alama bai isa a ce wa mutum yana ɗauke da HIV ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu gwaji uku daban-daban a jere, duk su nuna alama, kafin a tabbatar. Ka bi jerin da ƙasarka ta amince da shi ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Haka ma wanda ya gwada kansa a gida da kayan gwajin kai ya zo maka da tsoro: abin da ya gani alama ce ta farko, sai an bi cikakken jerin.

A duk tsawon wannan lokaci ka kula da fuskarka. Kada ka ja numfashi, kada ka kira abokin aiki da ido.

Mataki na huɗu: idan ba a samu ba

Faɗa masa kai tsaye: "Ba a samu ƙwayar HIV a jininka ba." Ka bar shi ya yi ajiyar zuciya. Sannan ka yi masa bayanin tazarar da ke tsakanin shigar cutar jiki da lokacin da gwaji zai iya ganinta. Gwajin gaggawa na yatsa yana neman sinadaran da jiki ke yi don yaƙar ƙwayar ne, kuma waɗannan kan ɗauki daga kwana 23 har zuwa 90 kafin su bayyana. Don haka in wani abu mai haɗari ya faru da shi kwanan nan, ka sa masa ranar dawowa, ka rubuta masa. Wanda ba shi da irin wannan dalili kuwa, ba sai ka ɗora masa zullumi ba.

Ka tuna masa cewa sakamakonsa nasa ne shi kaɗai. Maza da yawa sukan ce tunda an gwada matarsu a wurin awon ciki ba a samu ba, su ma lafiya suke. Ba haka ba ne. Ana samun ma'auratan da suka shekara da shekaru tare, ɗaya na ɗauke da ita ɗaya ba ya ɗauke.

In ka fahimci yana cikin haɗari mai ɗorewa, misali abokin zamansa na ɗauke da cutar kuma bai daɗe da fara magani ba, gaya masa akwai kwaroron roba, akwai kuma maganin rigakafi da ake kira PrEP, ƙwaya ce da ake sha, a wasu wuraren ma akwai ta allura mai daɗewa a jiki. Mai juna biyu a wuraren da cutar ta yawaita ana so ta sake gwaji a watannin ƙarshe na cikin.

Mataki na biyar: idan an samu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Tabbatar da sunan da lambar sau biyu. Zauna. Tambaye shi ko ya shirya ji. Sannan ka faɗa da gajeriyar jimla, cikin harshen da ya fi ji: "Gwaje-gwajen sun nuna akwai ƙwayar HIV a jininka." Kada ka yi doguwar shimfiɗa, domin kowace daƙiƙa ta kewaye-kewaye azaba ce gare shi. Kada kuma ka ɓuya a bayan kalmar turanci. A farkon fara aikina na taɓa ce wa wani dattijo sakamakonsa fozitib ne, wato an samu ƙwayar a jininsa. Ya yi murmushi, ya ce alhamdulillahi, ya fara gyara hularsa zai tashi. A tunaninsa kalmar albishir ce. Sai da na riƙo hannunsa na ce, "Baba, zauna, ban yi maka bayani daidai ba," na sake faɗa da Hausa. Na sa shi ya ji labarin sau biyu, na biyun ya fi na farkon ciwo. Tun daga ranar ban sake amfani da kalmar ba.

Bayan ka faɗa, yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi komai wuya ga sabon ma'aikaci, domin bakinsa zai so ya cika wurin da bayani. Bar shi. Wani zai yi kuka, wani zai ƙura wa ƙasa ido, wani zai ce ƙarya ne a sake, wani zai yi dariyar da ba ta daɗi ba. Duk daidai ne. Miƙa masa ruwa. In ya ɗago, tambaye shi: "Me ya fara zuwa maka a rai?" Amsarsa ita za ta nuna maka inda za ka fara. Mai tambayar "yaushe zan mutu" da mai tambayar "'ya'yana fa" ba magana ɗaya suke buƙata ba.

Akwai maganganun da ba su da wuri a ɗakin nan. Kada ka tambaye shi a ina ya samo ta. Kada ka yi masa wa'azi. Kada ka ce "kada ka damu", domin yana da dalilin damuwa, kuma zai ji kamar ba ka fahimce shi ba. In ya tambaya ko matarsa ce ta sa masa, ko yaushe ya kamu, ka gaya masa gaskiya: gwajin ba ya nuna wanda ya sa wa wani, ba ya kuma nuna lokaci, mutum na iya ɗaukar shekaru da ita ba tare da wata alama ba. Wannan amsa kaɗai tana hana rikici mai yawa a gida.

Wanda ya ji irin wannan labari, abu kaɗan ne ke zama a kansa. Saboda haka ka zaɓi uku, ka maimaita su. Ɗaya, akwai magani, kuma mai shan sa kullum yana rayuwa mai tsawo, ya yi aiki, ya yi aure, ya haihu. Biyu, maganin ba ya kawar da cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi, don haka ba a ajiye shi ko an ji sauƙi, kuma duk wanda ya ce masa yana da abin da zai warkar da ita a bar asibiti, kada ya saurare shi. Uku, ga inda za mu je yanzu. Bayan haka ka ce ya maimaita maka abin da ya ji da bakinsa. A nan ne za ka gane ko ya ji.

Kafin ya tashi, tambaye shi inda zai nufa daga nan, da wanda zai kwana tare da shi yau. In ka ga alamar ya yanke ƙauna, tambaye shi a fili ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, tana buɗe masa hanyar magana ne. In ya ce e, kada ka bar shi ya tafi shi kaɗai, nemi babban ma'aikaci.

Wani lokaci gwaje-gwajen kan saɓa, wani ya nuna wani bai nuna ba, sakamako ya tsaya a tsakiya. Faɗa masa yadda abin yake: ba a tabbatar akwai ba, ba a tabbatar babu ba, ya dawo bayan kwana 14 a sake, kafin nan kuma ya yi amfani da kwaroron roba. Sati biyun nan suna da nauyi, ba shi hanyar da zai same ka.

Mataki na shida: kai shi ga magani da ƙafarka

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Takardar turawa da aka miƙa wa mutum ya ninke ya sa aljihu sau da yawa a aljihun take ƙarewa. In wurin karɓar magani yana kusa, tashi ka raka shi, ka gabatar da shi ga ma'aikacin da sunansa. In yana nesa, kira su a gabansa, a sa rana da lokaci.

Tun 2015 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce duk wanda aka tabbatar yana ɗauke da HIV ya fara magani, ba sai an jira garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ba. A 2017 ta ƙara da cewa a fara cikin kwana bakwai, har ma a ranar in mutum ya shirya. Gaya masa abin da zai tarar don kada ya firgita: za a sake yi masa gwaji sau ɗaya kafin a ba shi magani, don a tabbatar ba a yi kuskure ba, ba don ana shakkar maganarka ba. Za a tambaye shi tari, zazzaɓi, zufar dare da ramewa, saboda tarin fuka shi ne ciwon da ya fi kashe masu ɗauke da HIV. Ana iya auna ƙwayoyin garkuwar jikinsa da ake kira CD4, in sun gaza 200 yana buƙatar kulawa ta musamman. Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ya faɗa wa likita duk wani magani da yake sha, domin wasu na rage masa ƙarfi.

Sai albishir ɗin da nake ganin bai kamata kowa ya fita ɗakin bai ji shi ba. Bayan kamar wata shida za a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa. Wanda ya riƙe maganinsa har ƙwayar ta ragu ta yadda na'ura ba ta iya ganinta, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar. An tabbatar da haka a binciken da ake kira PARTNER da aka yi a ƙasashen Turai, wanda sakamakonsa ya fito a 2016 da 2019: an bi ma'aurata da ɗayansu ke ɗauke da cutar, ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa ba matuƙar yawan ƙwayar bai kai 200 a kowace mililita ta jini ba. Na sha ganin fuskar mutum ta sauya da jin wannan magana fiye da duk wani lallashi. Amma ka ƙara masa da cewa kafin a kai can, kwaroron roba ne kariya.

Ka kawar masa da tsoron zaman gida ma. Ba a ɗaukar HIV ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko banɗaki, ko cizon sauro. Ba sai an ware masa kofi ba.

Mataki na bakwai: abokin zama da yara

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Shi ke da ikon zaɓar wanda zai gaya wa da lokacin da zai gaya. Kai ba ka da hurumin faɗa wa mijinta ko uwarsa ko wanda ya rako shi, ko da suna tsaye a bakin ƙofa suna tambaya. Amsarka gare su ɗaya ce: ku tambaye shi.

Duk da haka abokin kwanciyarsa yana buƙatar gwaji, sai ka shimfiɗa masa hanyoyi ya zaɓa. Yana iya faɗa da kansa. Yana iya kawo abokin zaman ku faɗa tare a gabanka. Yana iya ba ka izini ka gayyaci mutumin gwaji ba tare da ambaton sunansa ba. Ko ku yi yarjejeniya ya gwada da kansa zuwa wani lokaci, in ya kasa kai ka shiga. Kafin ko ɗaya daga ciki, tambayi mace musamman, a keɓe: "'Yar'uwa, ya taɓa dukanki ko yi miki barazana? Me kike tsoron zai faru in ya ji?" In akwai haɗarin duka ko kora, a dakata, tsaron ranta ne gaba.

Mai ciki ko mai shayarwa ta fara magani ba tare da jinkiri ba. In ba a yi komai ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran uwaye masu ɗauke da cutar kan kamu, da magani kuwa adadin na sauka ƙasa da kashi 5. Jaririn da bai kai wata 18 ba, gwajin gaggawa ba ya tabbatar da halinsa, domin sinadaran uwarsa na cikin jininsa. Gwajin da ke neman ƙwayar kanta ake yi masa, galibi yana da sati huɗu zuwa shida, a kuma sake bayan an yaye shi. Sauran 'ya'yanta ma a kawo su, ko da suna cikin ƙoshin lafiya. Yaron da aka samu yana ɗauke da ita ana yi masa bayani sannu a hankali daidai hankalinsa, tare da mai kula da shi, kada a bari ya girma yana shan ƙwaya kullum bai san ta mece ce ba.

Mataki na takwas: bibiya

Kafin ku rabu, nemi izininsa na kira, kuma ku yi magana dalla-dalla. Wayar tasa ce shi kaɗai ko akwai mai ɗauka? Wane lokaci ya fi dacewa? In wani ya ɗauka, wa za ka ce kai ne? Kada ka taɓa tura saƙon da ke ɗauke da sunan cutar ko na asibitin. Rubuta amsoshin a katinsa, ka kulle katin. Kira shi cikin kwana biyu ko uku, ka fara da tambayar yadda ya kwana kafin ka tambayi magani. In ranar da aka sa ta zo bai bayyana ba, sake kira, ba da faɗa ba, ka ce masa wurinsa na nan, ku sa wata ranar.